Bulalar Alabar

Accra, Lahadi

Zuwa ga Kawu Sumani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mma da duk mutanen gidanmu na Alabar. Ni ma lafiya lau nake, sai kewar kokon Mma, don wanda suke dama mana a nan ruwa ne kawai da aka nuna wa gero daga nesa.

Masu sansanin horon nan sun karɓe mana wayoyi har sai an gama zaɓe, wai kada hankalinmu ya rabu. 'Yan matan ɗakinmu har da masu kuka. Ni dariya na yi, na ce ai ni da kawuna dama ba ma waya, tunda ya ce wayoyin zamani ba sa fitar da murya. Abdul-Kudus direba ya ce duk sanda ya sauke fasinja zai biyo ta sansani ya karɓi takarda, don haka ka nemi biro mai kyau.

Ga labari. Mu goma sha biyu aka kira, huɗu za a ɗauka su wakilci Ghana a gasar tanis ta matasa a Lome. Wasan zaɓe sai Asabar ta ƙarshen wata. Na buga na gwaji uku, na ci ukun. Kawu, bulalar nan taka ta gigita su. Ba su saba ganin bugun bayan hannu da hannu ɗaya ba, balle wanda ba a juya masa jiki. Suna jira su ga kafaɗa ta juya don su gane inda ƙwallo za ta nufa, ni kuwa ina tsaye ƙiƙam, sai wuyan hannu ya kaɗa, kafin su motsa ta wuce. Wata 'yar Tema ta tambaye ni a wace makaranta na koya. Na ce mata a lungun bayan gidanmu, tsakanin katangarmu da ta Alhaji Rafiu, inda in mutum ya buɗe hannu da yawa bango ne zai gaishe shi.

Kocinmu, Malam Kimba, shi kaɗai ne bai yi murna ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Hannunki kaɗai yake aiki, sauran jikin ya tafi hutu." Na ce masa yoo, na ji, na wuce.

Gwiwar hannuna tana ɗan yi mini tsami da safe, amma ba wani abu ba ne. Abin da ya fi damuna tsirkiyar raket ɗina da ta tsinke jiya, yanzu da na aro nake bugawa. Akwai mai inji a nan da yake ɗaura wa kowa. Na ce masa ya yi haƙuri, ni ba mai taɓa mini raket sai kawuna. Na ba Abdul-Kudus ya kawo maka.

Ka gaida Mma, ka ce ina roƙon shito, soyayyen barkonon nan nata, mai yaji sosai. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Basiratu

*

Alabar, Kumasi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Sumani ɗan Nurudeen zuwa ga 'yata Basiratu. Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Bayan haka, takardarki ta iso. Na karanta ta a zaure, na kuma tsallaka na karanta wa Alhaji Rafiu, domin ya san katangar da yake yi mana faɗa a kanta ta yi suna har Accra.

Game da kocinku, ban san shi ba, saboda haka ba zan aibata shi ba. Amma ki riƙe wannan. Tun ban kai tsayin raga ba nake tsintar ƙwallo a kulob, kuma a lokacin fili na masu katin kulob ne. Mu abin da muke da shi bango ne da lungu. Bugun nan a lungu aka haife shi, ni na rene shi, kuma cikin duk yaran da suka bi ta hannuna babu wanda ya zauna masa sai ke. Masu riƙe raket da hannu biyu suna dukan ƙwallo kamar masu daka sakwara. Kada ki yarda a mayar da ke ɗaya daga cikinsu.

Game da gwiwar hannu, tawa ta fi shekara arba'in tana ciwo, ga ni nan ban mutu ba. Ɗan wasan da hannunsa bai taɓa ciwo ba bai buga ba ne. Ki gasa ta da ruwan zafi, ki shafa man kaɗe, ki ɗaure da ƙyalle. Sannan ki ƙara yawan bugu a bango bayan asuba, domin jijiya sai da aiki take sabawa. Haka aka yi mini, haka na yi wa wasu.

Ga raket ɗinki na ɗaura. Tsirkiyar zamani roba ce mai taurin kai, ba ta kuka irin ta da. Na ja ta, na kaɗa ta a kunnena, shiru. Na ƙara ja, shiru. Sai da na sauya sanda, na toshe da basilla, na sa ƙarfina duka, sannan hankalina ya kwanta da ita. Kin yi daidai da kika hana mai inji. Inji lamba ya sani, ba shi da kunne. Na yi addu'a a kan raket ɗin nan, da shi za ki buga ranar zaɓe, ba da na wani ba.

Mahaifiyarki ta sa miki shito a leda. Ta ƙara da wani saƙo, amma ƙasa-ƙasa take magana kwanan nan, kamar kowa a gidan nan, ban kama shi ba.

Allah ya yi miki albarka, ya ɗora ki a kan abokan karawarki. Wassalam.

Kawunki,
Sumani

*

Accra, Laraba

Yaya Fadila,

Salamu alaikum. Ya Kwadaso, ya ɗinki, ya maigidan? Wannan takarda taki ce ke kaɗai. Na roƙi Abdul-Kudus ya kawo miki shago, kada ya bi da ita ta Alabar.

Yaya, ban gaya wa Kawu gaskiya ba. Hannun nan ya wuce tsami. Butar alwala ba na iya ɗaga ta da dama. Murɗa famfo, matse wanki, har biron nan da nake riƙe, duk sai na cije baki. Na bi abin da Kawu ya ce, na ƙara bugun bango da sabon ɗaurin da ya aiko, abin sai ya ƙaru. Shekaranjiya wata baƙuwa ta miƙo mini hannu muka gaisa, ta ɗan matse, sai ga hawaye. Malam Kimba yana wurin. Nan take ya sa ni a mota sai wurin likitar jijiya.

Matar tana da kirki. Ta biyo mu fili, ta ɗauke ni bidiyo ina bugawa, ta rage masa gudu ta nuna mini. Sauran 'yan wasa ƙarfinsu daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu, ya hau kafaɗa, hannu shi ne na ƙarshe. Ni ƙafata a kafe, ƙuguna a kafe, sai ƙwallo ta iso jikina sannan nake tare ta, wuyan hannu ya lanƙwashe ya fizge. Duk nauyin a kan 'yar jijiya ɗaya yake sauka, wadda ke manne da ƙashin gwiwar hannu ta waje. Ta ce ba bugu ɗaya ne ya yi wannan ba. Tun ina ƙarama kowane bugu yake ɗan yagar wurin, ban taɓa barin shi ya warke ba. Ke mai ɗinki ce, kin san yadda hammatar riga take fara buɗewa in ana yawan jan ta.

Da ta gama sai ta karɓi raket ɗin, ta buga shi a tafin hannunta, ta ɓata fuska, ta ce a kai wa mai inji ya auna. Ya auna, ya sake aunawa, ya tambaye ni wa na yi wa laifi a Kumasi. Ya ce ko ƙaton namiji ba a ɗaura masa haka. Wai da katako nake bugawa, duk girgizar ƙwallo a gwiwata take ƙarewa.

Kin san dalili, na san dalili. Kawu da kunne yake ɗauri. Yana neman ƙarar da ya saba ji, ba ya jin ta, sai ya ƙara ja. Shekara nawa ke nan muna taya shi cewa waya ce ba ta da kyau, liman ne ba ya ɗaga murya?

Likitar ta ce in huta wasu watanni, in sake koyon bugun da hannu biyu, in koyi juya jiki, a sassauta tsirkiya. Ta ce in na buga ranar Asabar ɗin zaɓe ina iya ci, amma jijiyar tana iya tsinkewa har a kai ga aikin tiyata. Da take bayanin yadda hannun zai koma, Kawu kawai nake gani, yadda nasa ba ya miƙewa, yadda yake jiran a ɗauko masa bokiti. Malam Kimba ya ce zaɓi nawa ne. In na janye an cire sunana, baɗi kuma na wuce shekarun matasa.

Lome tana raina, ba zan ɓoye miki ba. Amma Kawu ya fi ta tsaya mini. Ba shi da ɗa, kulob ta sallame shi, bulalar nan ita ce abin da ya rage masa da yake nuna wa mutane. Ya ce da raket ɗinsa zan buga, ni kuma ban taɓa tsallake maganarsa ba. In ba shi ya ce in bari ba, zan buga.

Don Allah kada ki gaya masa. Na gaya miki ne don in samu inda zan sauke abin da ke raina. Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Basira

*

Kwadaso, Asabar

Basira,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ki. Takardarki ta same ni a kan keke ina haɗa rigar wata amarya. Na karanta, na rufe shago, na hau motar trotro. Kin ce kada in faɗa, na faɗa. Ki yi fushinki ki gama, ga yadda aka yi.

Na isa Alabar bayan la'asar, lokacin da gidan yake cike. Kawu yana kan bencinsa a tsakar gida, ya baza basilla da sanduna yana ɗaura wa wani raket. Na durƙusa na gaishe shi. Na matsa kusa, na sassauta murya yadda ya kamata a yi wa babba, na ce, "Kawu, hannun Basira ya samu matsala." Ya yi murmushi ya ce madalla. Na ƙara murya na maimaita. Ya gyaɗa kai, ya ce ai ya sani, kin ci uku. Yana faɗa yana jan tsirkiyar nan, jijiyoyin wuyansa duk sun fito, ya kai ta kunne ya kaɗa, ya girgiza kai, ya sake ja. Ni daga inda nake ina jin ƙarar har cikin haƙorina.

Kin san halina. Ban san sanda na miƙe tsaye ba. Na ce, "Kawu, ba ka ji! Kunnenka ya tafi! Tsirkiyar da kake ja da bulalar da ka koya mata sun cinye hannun yarinya!"

Wannan kam ya ji. Hamamatu ta gidanmu da ke daka a bakin murhu ma ta ji, ta tsaya da taɓarya a sama. 'Yan haya sun ji. Alhaji Rafiu ya ji ta bayan katanga. Sai da na rufe bakina na tuna akwai takarda da biro a jakata, da na rubuta masa shi kaɗai zai gani.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube ni, ya dubi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai, a nan ya gane ba ni kaɗai na sani ba. Ya tattara kayansa a hankali, ya shiga ɗaki, ya saki labule.

Mma ta ja ni madafa. Ta ce, "Ke kika fi kowa ido? Tun yaushe muke rufa wa bawan Allahn nan asiri, kika zo kika yaye shi a tsakar gida?" Na ce, "Mma, asirin da muke rufawa a hannun 'yarki yake fita." Ta zauna a kan turmi tana kuka, ni ma na taya ta.

Tun ranar bai fita masallaci ba, a ɗaki yake salla. Abincin da aka kai masa rabi yake ci. Jiya na koma na durƙusa a ƙofarsa na ba shi haƙuri, ban sani ba ko bai ji ba ne, ko ya ji ya ƙi amsawa. Abin yana cin raina, Basira. Mutumin nan shi ya riƙe mu da Baba ya rasu, shi ya saya mini keken da nake ci da shi. Ina son shi kamar yadda kike son shi. Murya ce na yi kuskure a kanta, amma maganar ban janye ko kalma ɗaya ba.

Yanzu ke. Kada ki buga. Hannun dama ɗaya gare ki, da shi za ki ci tuwo, da shi za ki ɗauki ɗanki wata rana. Ni ban san tanis ba, amma na san in ɗinki ya fara buɗewa ba a ci gaba da sa rigar. Na san kunnenki na ƙashi ne in ba Kawu ne ya yi magana ba, duk da haka na faɗa.

Allah ya ba ki lafiya.

Yayarki,
Fadilatu

*

Accra, Litinin

Zuwa ga Kawu Sumani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga mahaifinta, ina durƙushe.

Kawu, labarin abin da ya faru ya iso ni. Laifin nawa ne, ni na rubuta wa Yaya Fadila abin da ya kamata in bari a cikina. Ka yafe mini, ita ma ka yafe mata. Ka san bakinta yana riga hankalinta fita, amma ba ta nufe ka da sharri ba.

Ba zan sake yi maka ƙarya ba. Hannun yana ciwo sosai, likita kuma ta ce in huta. Amma likita ba ta san lungunmu ba. Ba ta san wanda yake tashina bayan asuba ya tsaya a bakin lungu yana hana masu tallan koko wucewa har in gama ba. Ba ta san wanda ya bi limamin unguwa har gida ya roƙe shi a bar 'ya mace ta riƙe raket, ya sa aka ɗinka mini dogon wando da ɗankwali na wasa ba. Duk abin da na iya, kai ne. Ba na so a ce a Alabar wai abin da ka koya mini shi ya nakasa ni, mutane su riƙa nuna ka. Na fi so su ce 'yar Sumani ta je Lome.

Saboda haka ranar Asabar zan shiga fili da raket ɗinka, yadda ka ɗaura shi. Na samu ƙwayar kashe zafi, zan ɗaure gwiwar da kyau. Malam Kimba ya roƙe ni in sake tunani, na ce masa na riga na gama. Wasa biyu ne kawai, in Allah ya so hannun zai kai.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka fito ka koma masallaci, ka ci abincinka. In na san kana zaune a bencinka, zan buga da ƙarfin zuciya.

Ka sa ni a addu'a. Allah ya bar mana kai.

'Yarka mai biyayya,
Basiratu

*

Alabar, Alhamis

Basira,

Salamu alaikum. A tsaye nake rubutun nan a madafar Mma, ki yi haƙuri da munin rubutun.

Takardarki ta shiga ɗakin Kawu jiya. Yau da hantsi ya ɗaga labule ya kira Mma. Ina wurin, na zo kawo masa koko. Ya fito da raket biyu, ɗaya tsohonsa na katako da ya ɗaura tun kunnensa na da kyau, ɗaya wanda na same shi yana ja ranar. Ya kaɗa na farko, ya kaɗa na biyu, ya ce, "Safura, ƙararsu ɗaya ce?"

Kin san Mma ba ta taɓa musa wa yayanta ba. Ta ce, "Ɗaya ce, Yaya." Ya tsura wa bakinta ido, ya ce, "Safura, 'yarki za ta shiga fili jibi. Ɗaya ce?" Mma ta girgiza kai, hawaye na zuba.

Ya daɗe a zaune. Can ya naɗe hannun rigarsa, ya yi ƙoƙarin miƙe hannunsa na dama, hannun ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ya kalle shi kamar yau ya fara ganin shi. Sannan ya ce in ba shi biro.

Ban san abin da ya rubuta ba, ya liƙe ambulan da kansa. Abdul-Kudus ba shi da lodi yau, amma Kawu ya sa hularsa ya ratsa unguwa da ƙafa, kowa na kallon shi, ya je har gida ya tashe shi. Ga ta nan tare da tawa. Ko me ke ciki, ki karanta kafin ki haɗiyi wata ƙwaya.

Yayarki,
Fadilatu

*

Da sunan Allah.

Daga Sumani zuwa ga 'yata Basiratu. Aminci ya tabbata a gare ki.

Kin ce ba ki taɓa tsallake maganata ba. To ga magana. Ban yarda ki buga ranar Asabar ba. Ki je wurin Malam Kimba ki janye sunanki, ki gaishe shi, ki ce in ji ni ya koya miki hannu biyun da juya jikin idan likita ta ba da izini. Raket ɗin ki kai wa mai inji ya yanke tsirkiyar. Addu'ar da na yi ba a jikinta take ba.

Na san abin da na hana ki, na kuma san baɗi ba za a kira ki ba. Ki yi kukanki a can ki gama. Abin da mutanen Alabar za su ce, ki bar ni da shi, ai ba duka zan ji ba.

Ki dawo mini da hannunki. In kin iso ki zauna ta damana, ki ɗaga murya, ki gaya mini duk abin da likitar ta ce, kada ki rage mini komai.

Allah ya yi miki albarka. Wassalam.

Kawunki,
Sumani